Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sababbin hafsoshi masu anini ɗaya, daga wani tsohon samanja

Ranku ya daɗe,

Na ce ranku ya daɗe alhali a cikinku da wuya a samu wanda ya kai ɗana na fari shekaru. Haka aikin ya hore ni, kuma ban taɓa jin nauyin faɗin haka ba. Shekara 31 na yi cikin kaki, takwas na ƙarshe ina samanja, kuma a waɗannan takwas ɗin na sha ƙamewa in sara wa hafsan da aka haifa bayan na riga na ɗaura igiyata ta farko. Yanzu da na tuɓe kakin bakina ya buɗe, shi ya sa zan faɗa muku abin da samanjanku zai so ya faɗa, amma ladabin aiki ba zai bar shi ba.

Nan da 'yan makonni kowannenku zai sauka a bataliyarsa da akwati da sabon anini yana ƙyalli a kafaɗa. A ƙofar ofishin kamfani, wato rukunin soja ɗari da 'yan kai da ke cikin bataliya, za ka tarar da wani mutum, furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin hularsa, takalminsa kamar madubi. Zai ƙame, ya sara maka, ya ce barka da zuwa Yallaɓai. Kafin ka gama mayar masa da sarawar ya riga ya auna ka, tun daga ɗaurin takalminka har zuwa yadda ka dubi kurtun da ya ɗauko maka akwati. Kai kuwa ba ka san komai game da shi ba, ban da igiyoyi ko tambarin da ke hannunsa. To bari in gaya maka yadda ranarsa take.

Begila ba ta tashinsa, shi yake jiran ta. Kafin a busa ya riga ya yi aski, ya sa kaya, ya zaga ɗakunan kwana. Aikinsa na farko ƙidaya ce, kuma kada ka raina ta. A takarda kamfani na da mutum, mu ce, 112. Nawa ne a tsaye a fili? Nawa ne a asibiti, nawa ke hutu, nawa aka tura kwas, nawa ke kulle a gadirum, wa ya sauko daga gadin dare da ya kamata a bar shi ya runtsa? Idan jimlar ta tsaya a 111, ba wanda zai karya kumallo cikin natsuwa sai an gano inda na ɗari da sha biyun yake. Daga nan ma'ajiyar makamai: kowace bindiga da lambarta, kowace lamba da mai ita. Harsashi ɗaya ya ɓace bayan atisayen harbi, za ka ga mutum ɗari sun jera suna rarrafe cikin ciyawa har rana ta faɗi. Sabon hafsa yakan ga kamar wulaƙanci ne. Samanja shi ya san cewa harsashin da ba a samu a ciyawa ba yana aljihun wani, kuma ba ka san abin da ke zuciyar wanin ba.

Takardar da ta fi kowace ƙarfi a kamfani ba ta ma zuwa teburinka sai don sa hannu: jadawalin gadi. Wa zai tsaya sintiri daga ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare? Wa zai yi aiki ranar hutu? Wa ya yi a makon jiya, wa matarsa ke kan gwiwa, wa yake da jarrabawar ƙarin girma jibi? Soja zai yafe maka yunwa, ya yafe maka ruwan sama da sauro, amma ba zai yafe maka ba idan ya lura cewa sunansa na fitowa sau uku a jadawali, na ɗan lelen wani kuma sau ɗaya. Na ga kamfanoni da suka ruɓe daga ciki ba tare da abokin gaba ya harba musu ko harsashi ɗaya ba, kuma da ka bi diddigi sai ka tarar daga wannan 'yar takarda ɓarnar ta soma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka idan an kawo maka ita, karanta ta kafin ka sa hannu. Samanjan kirki zai ji daɗin cewa ka karanta. Wanda ransa ya ɓaci don ka karanta, to ka ƙara karantawa.

Ihun da kuke ji a filin fareti, wanda mutanen waje suka ɗauka shi ne dukan aikin, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Sandar nan da samanjan bataliya ke maƙalewa a hammata a rundunonin da suka gaji tsarin Ingila, sandar awon taku ce, ana buɗe ta kamar almakashi a auna inci 30, tsawon taku ɗaya. Amfanin fareti shi ne jiki ya koyi bin umarni kafin tsoro ya sami damar yin magana. Shi ke nan, ba zan tsaya a kai ba, an riga an gasa ku a kansa.

Abin da ba a koya muku sosai ba shi ne ƙafa. Bayan doguwar tafiya da kaya a baya, samanja zai sa kowa ya zauna ya cire takalmi da safa, ya bi layi yana duƙawa yana duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ɗaya bayan ɗaya, da warin da komai. Soja ba ya faɗin cewa ƙafarsa ta yi bororo, kunya yake ji, sai ranar da ta kumbura ta ƙi shiga takalmi. A Yaƙin Duniya na Farko, cikin ramukan yaƙi na Faransa da Beljiyam, dubban sojoji sun bar fagen daga ba don rauni ba, ƙafafunsu ne suka ruɓe saboda tsayuwa cikin ruwan sanyi da laka. Maganin da aka samu bai wuce canja safa, shafa man katon kifin tekun nan da ake kira whale, da tilasta duba ƙafa kullum ba, har aka riƙa haɗa sojoji bibbiyu kowa na lura da ƙafar ɗan'uwansa. Janar ne ya ba da umarnin, amma masu igiya ne suka duƙa. Ina roƙonka, ranar da aka yi wannan duba, kai ma ka duƙa. Ba abin da zai ragu daga anininka.

Da rana ta yi, ofishinsa ya zama wani abu tsakanin kotu da ɗakin uwa. Wannan albashinsa bai shigo ba wata biyu. Wancan bashi ya yi masa katutu har masu bin sa sun zo ƙofar bariki. Wani ya yi faɗa da matarsa, wani ɗansa ba lafiya, wani ya sha ya yi tatul ya zagi kofur. Jamusawa sun fi kowa gane wannan: samanjan kamfani a rundunarsu, mai rataya igiya ruwan ɗorawa a kafaɗar dama, laƙabinsa uwar kamfani. Kwamanda shi ne uba. Kuma kamar kowace uwa, rabin abin da ta kashe a ɗakinta uban ba zai taɓa ji ba. Idan laifi ya iso gabanka a rubuce, sani cewa an riga an gwada nasiha, an gwada tsawa, an gwada ƙarin aiki, duk ba su ci ba.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Shiru-shiru ne dama, mai tsafta, ba ya shiga rigima. Wani mako na lura da abubuwa uku ƙanana. Ya ba abokinsa rediyonsa kyauta. Ya biya ɗan bashin da ake bin sa ba tare da an tambaye shi ba. Sannan ya roƙi a musanya masa gadin rana da na tsakar dare, a hasumiyar da mutum ɗaya ke tsayawa da harsashi a bindiga. Ba ɗaya daga cikin ukun da ya saɓa wa doka, ba kuma wanda zai shiga rahoto. Na cire sunansa daga jadawali, na ce ina bukatar mai taya ni ƙidayar barguna a sito. Muka yi awa uku muna ninke bargo, ban tambaye shi komai ba. Wajen bargo na tamanin ya zauna a kan tarin ya fashe da kuka. Washegari na raka shi wajen likita da ƙafata. Hafsanmu na lokacin mutumin kirki ne, mai ilimi, amma wata huɗu kacal ya yi da mu. Ta ina zai san cewa yaron nan ba ya rabuwa da rediyonsa ko banɗaki zai shiga? Ku ana sauya muku wurin aiki duk bayan shekara biyu ko uku. Mu muna nan, mun ga yaron tun yana kurtu da aski ƙwal. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu ga ƙorafina, kuma shi ne dalilin wasiƙar.

Da yawanku kuna zuwa da tsoro ɗaya: kada a ce yaro ne, samanja ke juya shi. Wannan tsoron ya sa kuke yin abu biyu masu haɗari. Na farko, ba da umarni kafin tambaya. Na biyu, gyara wa samanja magana a gaban yaransa don kowa ya san wa ke sama.

Na taɓa aiki da wani laftanar, sabo fil, wanda aka ba shi jagorancin tattaki na kilomita 25 a lokacin zafi. Ya shimfiɗa taswira, ya ja layi, ya lissafa awoyi daidai yadda aka koya masa, lissafin kuma ba kuskure. Na matsa kusa da shi na rage murya na ce, Yallaɓai, motar ruwa ba za ta iya bin wannan hanyar ba, kwarin da ke tsakiya ya zaizaye, kuma mutum goma sha ɗaya jiya suka tashi daga zazzaɓi. Da mu tashi ƙarfe huɗu maimakon bakwai, mu bi ta sama. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, Samanja, ni ne kwamanda a nan ko kai? Na ƙame na ce, kai ne, Yallaɓai. Muka tashi ƙarfe bakwai. Abin da bai sani ba, na riga na sa kowane sashe ya ɗauki ƙarin jarka biyu, suna karɓa-karɓa. Duk da haka kafin azahar mutum huɗu sun zube, ɗaya sai da aka kira ta oba-oba aka zo aka ɗauke shi a sume. Ya rayu. Da yamma kwamandan kamfani ya kira mu, ya tambayi wa ya tsara tafiyar. Laftanar ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, ni ne, kuma an gargaɗe ni ban ji ba. Daga ranar na zama nasa. Da ya ce samanja bai faɗa masa ba, da zan ci gaba da sara masa har ya bar mu, sarawa dai ta hannu.

Ka lura, ban ƙi umarninsa ba. Samanja ba ya ƙin halattaccen umarni, kuma hukunci naka ne, alhakin ma naka ne, don kai aka ba takardar naɗi daga shugaban ƙasa ko sarki. Abin da yake nema ɗan kaɗan ne: ka tambaye shi a keɓe kafin ka yanke, in ka yanke saɓanin ra'ayinsa ka faɗa masa a keɓe. Zai fita ya isar da umarnin ga yara kamar daga cikinsa ya fito, ba wanda zai ji ƙamshin saɓani. Amma ranar da ka karya shi a gaban layi, sandar da kake dogarawa ka karya, domin gobe idan ya ce a kwanta wani zai tsaya yana duban fuskarka tukuna, kuma harsashi ba ya jiran wannan duban.

Ba ni na ƙirƙiro wannan tsari ba. A Fabrairun 1778 wani tsohon hafsan Furusiya, wata tsohuwar daular Jamusawa, mai suna von Steuben, ya isa sansanin Valley Forge a Amurka inda sojojin George Washington ke fama da sanyi da yunwa da rashin tsari. Bai tara manyan hafsoshi ya yi musu lacca ba. Ya zaɓi mutum ɗari da 'yan kai ya horar da su da kansa, su kuma suka bazu suka horar da sauran. Ƙa'idojin da ya rubuta, waɗanda aka amince da su a 1779, sun fayyace aikin samanja da saje da kofur ɗaya bayan ɗaya, har da cewa babban sajen kamfani ya riƙe littafi mai sunan kowane soja, shekarunsa, tsayinsa, inda aka haife shi da sana'arsa kafin ya shiga soja. Wato tun a lokacin an gane cewa aikin mutumin nan sanin mutane ne. Amurka ta kai abin har ƙoli a 1966, da ta ƙirƙiro muƙamin samanjan rundunar ƙasa baki ɗaya, William Wooldridge ya fara riƙe shi, yana zaune kusa da babban hafsan hafsoshi yana gaya masa abin da ake faɗa a ɗakunan kwana. A 1972 suka buɗe wa samanjoji makarantarsu a Fort Bliss ta jihar Texas. Ingila ta yi irin wannan muƙamin a 2015. A Sandhurst kuwa, makarantar hafsoshin Ingila, inda ake ɗaukar mako 44 ana ƙera hafsa, masu igiya ne ke tsaye a kan ɗalibai dare da rana, suna daka musu tsawa suna haɗawa da Yallaɓai.

Wanda ya fi burge ni shi ne John Lord, samanjan wata bataliyar 'yan laima ta Ingila, da Jamusawa suka kama a gwabzawar Arnhem ta ƙasar Holan a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An kai shi sansanin fursunoni na Stalag XI-B, ya tarar da mutane sun saki jiki, ba wanka, ba aski, ba mai kula da wani, kowa na jiran mutuwa ko ƙarshen yaƙi, duk wanda ya riga zuwa. Ba shi da bindiga, ba shi da abin ba kowa lada. Ya dawo da faretin safe, da motsa jiki, da tsaftar ɗaki, ya sa ana binne matattu da girmamawar soja. Da dakarun ƙawance suka iso a Afrilun 1945, sai suka tarar da masu gadi a ƙofa tsaf-tsaf cikin jajayen huluna, fursunoni ne da kansu. Daga baya shi ya zama samanjan Sandhurst na tsawon shekaru. Duk lokacin da wani ya ce mini goge takalmi ɓata lokaci ne, wannan mutumin nake tunawa.

A ɗaya gefen kuma ga rundunar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, inda yawancin sajoji yara ne da aka ɗauka aikin soja na dole aka ba su horon 'yan watanni, tsararrakin waɗanda suke shugabanta. Sai ya zama laftanar ne ke yin aikin saje, da dare kuma in ya tafi gida ɗakin kwana ya koma hannun waɗanda suka fi daɗewa, suna gallaza wa sababbi. Abin ya yi ƙamari har ya sami suna a harshensu, dedovshchina, mulkin kakanni. Gurbin samanja ba ya zama fanko. In babu na gaskiya, wani azzalumi zai cike shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da 'yan'uwana masu igiya ba za su so in faɗa ba. A cikinmu akwai miyagu. Akwai mai sayar da hutu, mai tsakurar rabon abincin yara, mai dukan kurtu har ya ji masa rauni ya kira shi horo. Tsohon ciwo ne. A rundunar Rum, shugaban mutum tamanin yana riƙe sandar kurangar inabi, kuma an yi wani mai suna Lucilius da sojoji suka yi wa laƙabi da "miƙo wata", don in ya karya sanda a bayan soja sai ya ce a miƙo masa wata. Da aka yi bore a shekara ta 14 miladiyya, yana cikin waɗanda suka kashe. Saboda haka girmama samanja ba ya nufin ka miƙa masa idonka da kunnenka. Ka riƙa shiga ɗakin kwana ba sanarwa. Ka ɗanɗana abincin yara daga tukunyarsu, ba wanda aka zubo maka daban ba. In ka ga kurtu da kumburarren ido an ce maka ƙofa ya buge, je ka ga ƙofar. Na kirki ba ya tsoron wannan, shi ma haka yake yi wa sajojinsa.

Da dare, bayan kun tafi mes, wurin cin abinci da hutawarku na hafsoshi, shi yana nan. Zai zaga masu gadi sau ɗaya kafin sha biyu, wani lokaci ya sake dawowa ƙarfe uku, lokacin da barci ya fi daɗi. A daji shi ne na ƙarshe a layin abinci, in ya ƙare kafin a zo kansa ba wanda zai ji. In an gwabza, kai kana gaba kana duban abokin gaba da taswira, shi yana baya-baya yana tura harsashi da ruwa gaba, yana janyo masu rauni, yana ƙidaya. Kullum ƙidaya. Kuma idan jimlar ta ƙi cika ta hanyar da ba ta gyaruwa, shi ne zai buɗe akwatin mamacin ya rubuta abin da ke ciki. Na yi wannan sau tara. Agogo ɗaya. Mataji ɗaya. Safa ƙafa uku, ɗaya ba abokiyarta. Hoton yarinya da hular makaranta. Akan cire abin da zai ƙara wa iyali baƙin ciki, a wanke abin da ke da jini, a ninke sauran. Kai za ka rubuta wasiƙar ta'aziyya, amma wajensa za ka zo ka tambayi yadda yaron yake, don ka sami abin rubutawa da ya wuce "jarumi ne". Waɗannan tara har yau ina iya kawo lambobinsu da ka, alhali lambar wayata sai na duba.

Ba wanda ke tambayar samanja yadda ya kwana. Yara suna tsoronsa, hafsoshi suna ganin dutse ne, a gida kuma 'ya'yansa sun saba da uban da ke fita suna barci ya dawo suna barci. Gwiwoyinsa sun tafi tun yana shekara arba'in, kunnensa ɗaya ya toshe da ƙarar harbi, yana ɓoyewa don kada likita ya sauke shi. In ka ga ya fara juyo maka da gefe ɗaya idan kana magana, kada ka tona shi a gaban mutane, ka dai koma wancan gefen.

Ranar da ka sauka, bayan ka gaida kwamanda, nemi samanjan ka ce ya zaga da kai. Bar shi ya yi gaba. Tambaye shi wane ne ya fi kowa iya harbi, wane ne ke da matsala a gida, wane kofur ne ya isa ƙarin igiya aka manta da shi. Riƙe ɗan littafi ka rubuta. Zai ce maka komai lafiya, Yallaɓai, don haka muke cewa a ranar farko. Sake tambayarsa bayan mako biyu, da dare, lokacin zagayen masu gadi, kana tafe a gefensa da tocila a hannunka.

Na sara muku.

Naku,
Tsohon samanja mai ritaya